Wa Zai Iya Zama Da Karfasa A Ruwa Ɗaya?

Jawabin da wani tsohon ɗalibi, mai sana'ar kiwon kifi, ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya a garin Gumel





An nemi in yi magana a kan kiwon kifi. To, kiwon kifi fage ne mai faɗi, ba zai ƙare a zama ɗaya ba. Saboda haka na zaɓi abu ɗaya daga ciki, wanda a ganina ya fi kowane cinye dukiyar masu fara wannan sana'a, watau haɗa kifayen da ba su dace da juna ba a cikin ruwa ɗaya. Zan gina maganar a kan karfasa, domin ita ce aka fi yi wa kallon saliha, alhali kuwa tana cikin masu zafin rai.

Kowa ya sani cewa ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ba su da kogin da ke gudana shekara cur. Ƙasarmu jigawa ce, ta gero da riɗi da gyaɗa da zoɓo. Kifin da muka tashi muna ci, yawancinsa banda ne daga Haɗeja da Nguru. Su ma can abin ya sauya, domin tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, malalar da ke cika fadamun Haɗeja ta ragu, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Yanzu da rijiyoyin burtsatse da famfon sola suka yawaita, mutanenmu sun shiga gina tankunan kankare da kafa na tamfol a bayan gida. Wasu daga cikinmu da ke zaune a nan, kuɗin sallamarsu na barin aiki suka zuba a ciki. Wasu kuma, musamman mazauna Dutse da Kano, sun ajiye akwatin gilashi a falo don ƙawa. Dukansu wannan magana ta shafe su.

Koke-koken da ake kawowa iri biyu ne. Wani zai ce ya zuba 'ya'yan kifi masu yawa, da ya zo kwashewa sai ya tarar da 'yan kaɗan, ga shi kuwa bai ga gawa ba, har ya fara zargin yaron da ke gadi. Wani kuma zai ce ya zuba kaɗan, ya kwashi tuli, amma duk ƙanana ne kamar yatsa, ba mai saye. Waɗannan matsaloli biyu tushensu ɗaya ne, kuma sanin halin kifin shi ne maganinsu.

Halin karfasa

Karfasa, wadda wasu ke kira gargaza, tana cikin wani babban dangin kifaye da masana ke kira sikilid. Dangin yana da nau'i fiye da 1,500 a duniya, mafi yawansu a Afirka, musamman a manyan tafkunan Malawi da Tanganyika da Biktoriya. Da yawa daga kifayen ƙawa masu launi da ake sayarwa a birane 'yan wannan dangi ne. Abin da ya haɗa su shi ne kula da 'ya'ya da kuma kare muhalli, kuma daga nan faɗansu ya samo asali.

Namijin karfasa idan ya balaga, sai ya zaɓi wuri a ƙasan ruwa, ya riƙa kwasar yashi da bakinsa yana zubarwa gefe, har ya yi rami kamar kasko. Launinsa ya sauya, ya tsaya a kan ramin yana gadi. Duk namijin da ya matso sai ya kai masa kora. Idan ƙarfi ya zo ɗaya, sai su haɗa baki da baki suna turereniya. Wanda aka kayar, in yana da wurin gudu ya tsira. In babu, sai a yi ta cizonsa, a yayyage masa wutsiya, ya daina cin abinci, ciwo ya shiga raunin ya ƙarasa shi.

Ita kuwa macen, bayan ta zuba ƙwai a ramin namiji ya barbare su, sai ta kwashe su a bakinta. A nan za su ƙyanƙyashe, tana riƙe da su kusan mako biyu ba ta cin abin kirki. Ko bayan ta sake su, in suka ga haɗari sai su ruga su koma bakin uwarsu. Saboda wannan tsaro, 'ya'yan karfasa da yawa suna rayuwa. Mace ɗaya takan yi ƙwai ɗaruruwa a zubi ɗaya, takan kuma maimaita bayan 'yan makonni muddin ruwa na da ɗumi. A cikin rami takan fara haihuwa tun tana 'yar ƙarama, ba ta wuce 'yan watanni ba. Kafin mai rami ya ankara, 'ya'ya da jikoki sun cika ruwan, abinci ya kasa, kowa ya tsumbure. Wannan ita ce amsar mai koke na biyu.

Abincin karfasa gansakuka ne da ƙananan halittun ruwa da ganye da dusa. Ba mafarauciya ba ce, ko da yake in ta samu ɗan jaririn kifi ba ta ƙyale shi. Faɗanta faɗan fili ne.

Halin tarwada

Tarwada kuwa faɗanta na ciki ne. Ku dubi bakinta, faɗinsa kusan faɗin kanta ne. A ƙasan ruwa take zama, da dare ta fi yin kiwo, tana lalube da gashin bakinta, kuma duk abin da ya shiga bakin nan ya zama abinci, ko da ɗan uwanta ne da aka ƙyanƙyashe su rana ɗaya. A kowane zubi na 'ya'yan tarwada akan samu wasu 'yan kaɗan da ke yi wa sauran fintinkau wajen girma. In ba a tsame su ba, su za su riƙa haɗiye ƙananan ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa mai koke na farko bai ga gawa ba. Ɓarawon yana cikin tankin, shi da kansa yake ba shi abinci safe da yamma.

Tarwada tana da wata baiwa da karfasa ba ta da ita. A cikin kanta akwai wani sashe da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye, don haka kuke ganin tana leƙowa saman ruwa tana komawa. Tana iya rayuwa a ruwan da ya gurɓace, ana kuma iya cusa ta da yawa a ƙaramin tanki. Karfasa kuwa da iskar da ke narke a cikin ruwa kaɗai take numfashi. Ku riƙe wannan bambanci, za mu dawo kansa.

Tambayoyi kafin a haɗa

Duk wanda zai haɗa kifaye biyu, a rami ne ko a tanki ko a gilashi, ya yi wa kansa tambayoyi huɗu. Na farko, shin ɗaya zai shiga bakin ɗaya, yau ko nan da wata uku? Na biyu, shin wuri ɗaya suke so su zauna a cikin ruwan, ko kuwa wani na ƙasa ne wani na tsakiya? Na uku, in faɗa ya tashi, mai rauni yana da inda zai ɓuya? Na huɗu, irin ruwan da ɗaya ke jurewa, ɗayan zai jure shi? In amsa ɗaya ta zo a karkace, a raba musu mazauni. Rigakafi ya fi magani.

A ramin ƙasa da kududdufi

A nan ne haɗin karfasa da tarwada yake da amfani, kuma an daɗe ana gwada shi a ƙasashen Afirka da dama. A ƙasarmu akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa, Jihar Neja, wadda ta samo asali daga aikin binciken tafkin Kainji a 1968, kuma kiwon waɗannan kifaye biyu yana cikin ayyukanta. Hikimar mai sauƙi ce. Karfasa tana haihuwa fiye da kima, tarwada tana cin 'ya'yan. Manyan karfasa sun samu sarari da abinci sun girma, tarwada ta ƙoshi da abincin da ba ka saya ba. Aibin wannan ya zama maganin aibin wancan.

Amma akwai ƙa'ida. Karfasa ce za ta fara shiga. A bar ta ta yi wata ɗaya ko biyu, ta kai girman da ba za ta haɗiyu ba, ƙayoyin bayanta sun yi ƙarfi. Sa'an nan a kawo tarwada, kuma ta zama ƙarama, ba ta kai karfasar da ke ciki ba. Lokacin da tarwadar za ta yi baki, karfasa ta fara haihuwa, abincinta ya samu. Wanda ya juya wannan tsari, ya zuba 'ya'yan karfasa a kan manyan tarwada, ya ba kura ajiyar nama.

Game da yawa, ramin da ba a hura masa iska da inji, karfasa biyu zuwa uku a kowace murabba'in mita sun isa. Alal misali, rami mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10 murabba'in mita 100 ke nan, sai a sa karfasa 200. Shawarata ga mai farawa ita ce tarwada ɗaya ga karfasa biyar, watau 40 a wannan rami. Bayan haka ido ne ma'auni. In ka ga 'ya'yan karfasa sun yi duhu a bakin rami, tarwadarka ta yi kaɗan. In ka ga manyan karfasa da rauni, ko dai tarwadar ta yi yawa ko kuma yunwa take ji.

Akwai wata hanya kuma, ita ce kiwon maza zalla. Namijin karfasa ya fi mace saurin girma, kuma in babu mace babu haihuwa, faɗan ma yakan yi sauƙi. Ana iya tantancewa da hannu idan kifin ya ɗan tasa. A juya cikinsa, a dubi ɗan tsiron da ke bayan dubura: na namiji ƙofa ɗaya gare shi, na mace biyu. Sai dai ko gwani yakan yi kuskure, mace biyu ko uku da suka sulale kuwa sun isa su cika rami. Don haka ko a nan ma 'yan tarwada kaɗan suna da rana.

Ƙasarmu mai yashi ce, tana shanye ruwa. Mai haƙa rami sai ya nemi wuri mai yumɓu ko ya shimfiɗa tamfol. Kududdufan bayan gari kuwa, waɗanda ke cika da damina su ƙafe da rani, kwanakinsu ƙidayayyu ne. Wanda zai sa musu kifi ya sa wanda ya riga ya tasa, da zarar ruwa ya zauna, ya kuma nemi yardar mai unguwa da makiyayan da ke shayar da dabbobi a wurin.

A tankin kankare ko na tamfol

A nan shawarata ta bambanta: kowa gidansa. Dalili shi ne bambancin numfashin da na ambata. Tankin tarwada yakan cika da kifi, ga ragowar abinci, ga kashi, iskar cikin ruwa ta yi ƙasa, musamman da asuba. Tarwada za ta leƙo ta shaƙi iska ta koma. Karfasa za ta taso tana buɗe baki a saman ruwa, kafin hantsi ta mutu. Bugu da ƙari, a ƙaramin tanki babu wurin gudu, abincin tarwada mai tsada kuma tarwadar ce za ta wawashe shi.

Ko tarwada zalla ce a tankin, ba a gama ba. Sai an riƙa tantance su kamar kowane mako biyu a watannin farko, manya gefe, ƙanana gefe. Wannan yana nufin mai tanki ɗaya bai shirya ba tukuna. Gara ƙananan tankuna biyu ko uku da babba guda. A ba da abinci a kan lokaci, a watsa shi ko'ina don kada masu ƙarfi su tare wuri ɗaya. Dusa da tunkuza da muke da su a gida suna taimaka wa karfasa ƙwarai, amma tarwada tana bukatar abinci mai gina jiki fiye da haka, in ba ta samu ba kuwa ta san inda za ta nema.

A akwatin gilashi

'Yan uwa masu kifin falo, ku ma dokar ɗaya ce, sai dai ta fi tsanani domin filin ya fi ƙanƙanta. Akwati mai tsawon mita 1, faɗin rabin mita, zurfin rabin mita, yana ɗaukar lita 250, watau jarka goma masu lita 25. Wannan shi ne kimanin abin da babban sikilid guda ɗaya ke bukata, kamar karfasar da ta girma, ko wanda ake kira oska, ɗan asalin kogin Amazon, mai kai tsawon santimita 30 ko fiye. Mai sayarwa zai miƙo maka shi kamar ɗan yatsa, ba lallai ya faɗa maka girman da zai yi ba.

Haɗin da ya fi kowane muni shi ne maza biyu a ƙaramin akwati, domin ɗaya zai zama sarki, ɗaya ya zama abin dukansa kullum. Ko dai ɗaya tilo, ko kuma garke a babban akwati yadda fushin zai rarrabu, amma garke yana bukatar matatar ruwa mai ƙarfi da yawan sauya ruwa. Kada a haɗa su da jan kifin nan na ƙawa mai jan wutsiya kamar mayafi. Shi mai sanyin tafiya ne, ruwa mai sanyi ya fi so, kuma wutsiyarsa za ta zama abin yaga. Ƙananan kifaye masu walƙiya kuwa abinci ne kawai.

Abokin zaman da ya fi dacewa yana nan a kogunanmu, shi ne ƙurungu. A ƙasa yake zama, da dare yake fita, yana da sulken ƙashi a ka da ƙayoyi masu kaifi waɗanda in ya miƙe su ba mai haɗiye shi. Wasu nau'o'insa ma a rigingine suke iyo, abin kallo ga yara. Masu kiwon sikilid a Turai da Amurka kuɗi suke sa wa su sayi danginsa don wannan aiki. A samo wanda girmansa ya yi kusa da na mai gidan.

A jera duwatsu da fasassun tukwane da guntayen bututu a ciki, yadda kifi zai iya ɓacewa daga idon ɗan uwansa, domin wanda ba a gani ba a kora. Baƙon kifi kuma a ajiye shi a wani mazubi daban na mako biyu don a tabbatar ba shi da cuta. Ran da za a shigar da shi, a sauya wa duwatsun wuri, a ciyar da mai gida ya ƙoshi, a kashe fitila. Sai kowa ya zama baƙo, kowa ya shiga neman sabon wuri. In mace da namiji suka fara shirin haihuwa, a kwashe sauran, domin a wannan lokaci ba su da aboki.

Waɗanda ba a ba su masauki

Wasu kan sayi 'ya'yan kifi a gauraye daga masunta saboda araha. Wannan akwai haɗari, domin a cikinsu ana iya samun ɗan tsage mai haƙora, ko gaiwa, ko minjirya mai jan wuta, ko talibambam mai gatsa, ko ɗan giwan ruwa. Kowane daga cikinsu shi kaɗai ya kamata ya zauna.

Giwan ruwa ya bar wa duniya darasi. A shekarun 1950 aka saka shi a tafkin Biktoriya, wanda ƙasashen Uganda da Kenya da Tanzaniya suka kewaye, da nufin bunƙasa kamun kifi. Tafkin yana da nau'in sikilid kimanin 500, mafi yawansu babu su a ko'ina a duniya sai a can. Shekaru suka wuce shiru, sai a shekarun 1980 giwan ruwa ya yaɗu ya mamaye tafkin. Masana sun ƙiyasta cewa kusan nau'i 200 sun ɓace, ko da yake gurɓacewar ruwa ma ta taimaka. Wannan fa tafki ne mafi girma a Afirka. In baƙo ɗaya ya yi masa haka, ina ga tankin bayan gida? Don haka kuma, wanda ya gaji da kifin ƙawarsa na ƙasashen waje kada ya kai shi tafki ko kogi ya sake.

Yanayin ƙasarmu

Abu na ƙarshe shi ne sanyi da zafi. Karfasa ta fi jin daɗi idan ɗumin ruwa yana kusa da digiri 28 zuwa 30. In ya sauka ƙasa da 20 sai ci ya ragu, in ya kai wajen 11 ko 12 sai mutuwa. Hunturun Disamba da Janairu a nan arewacin Jigawa yakan sanyaya ruwa mara zurfi da dare, kifi ya raunana, mai rauni kuwa shi ake fara ci. Saboda haka rami ya kai zurfin mita 1 ko ɗan fiye, a rufe tanki da dare, kuma kada a kawo baƙon kifi ko a yawaita kama su a wannan lokaci. Da bazara, a Afrilu da Mayu, ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai, haihuwa da faɗa kuma suna ƙaruwa. A yi wa tanki rumfa, a rage cunkoso, a sauya ruwa da sassafe.

Kammalawa

Mai girma shugaba, jama'armu sun san wannan ilmi tun tuni, a kan dabbobi. Wanda ya je kasuwar Maigatari ranar Alhamis zai ga ba mai ɗaure raguna biyu masu ƙaho a turke ɗaya, ba kuma mai sa ɗan akuya a tsakiyar bijimai. Abin da ya rage shi ne mu yi wa kifi irin wannan lissafi, duk da cewa shi faɗansa a ƙarƙashin ruwa yake, ba a jin kukansa.

Ina ba da shawara ga ƙungiya ta tattara sunayen membobinta masu wannan sana'a a ƙananan hukumominmu huɗu, domin mai farawa ya samu wanda zai ziyarta kafin ya kashe kuɗinsa, mu kuma haɗu mu riƙa sayen iri daga wurin da muka amince da shi, tare da tuntuɓar malaman gona na hukumar JARDA. Wanda ya riga ya haɗa kifayensa, ya koma gida yau ya sa koma ya duba, in akwai wanda ya fi sauran girma ƙwarai ya tsame shi kafin dare.